Fanisau: Ribaɗi da Gandun Sarki

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta arewa, ya wuce filin jirgin sama, ya shiga ƙasar Ungogo, zai ga gonaki sun haɗe da juna, babu daji ko saura tsakaninsu, sai itatuwan gawo da kuka da ɗorawa tsaitsaye. Wannan yanki shi ne Mortimore da Wilson suka yi nazarinsa a 1965 saboda cunkoson jama'arsa da kuma yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Sirrin abin kuwa taki ne: jakuna su kai itace birni, su komo da toka da shara. A tsakiyar waɗannan gonaki Fanisau take, wadda wasu ke kira Panisau, kuma matafiyin da ya yi zango a nan ya kamata ya san abin da yake kallo.

Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, shi ya mayar da Fanisau ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka. Dalili kuwa shi ne Ɗan Tunku, wanda ya ƙi yi masa mubaya'a, ya riƙa kawo hari daga wajen Dambatta, rikicin da ya ƙare da kafuwar masarautar Kazaure. Dabo ya gina gida da masallaci, ya zaunar da mayaƙa. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824 da 1826, ya ambaci Fanisau cikin labarin tafiyarsa a matsayin wurin da Sarki kan zauna. To, mayaƙa da dawakinsu suna bukatar hatsi da harawa, daga nan sai ribaɗi ya haifi gandu.

A nan ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya ya lura da kalmar. Gandu a bakin yawancin mutane ita ce gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa ke nomawa tare, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa. Amma gandun sarki wani abu ne dabam: babbar gona ce wadda bayi ke nomawa, irin abin da Zazzagawa ke kira rinji. Abin mamaki, tsarin kalmomin bai sake ba. Bawa ma yana da gayauna, yana aikin gandu tun safe har wajen azahar, sa'an nan ya juya ga tasa. Wanda ubangijinsa ya yarda masa ya tafi neman na kansa, sai ya riƙa biyan murgu. Wanda aka haifa cikin bauta kuwa shi ne bacucane. A ganina wannan aron kalmomin gida da aka yi wa bauta shi ya sa har yau wasu ke ɗaukar ta kamar zaman iyali ce, alhali kuwa ɗa yana gadon gandu, bawa shi ake gada. Manyan bayin sarki, musamman Shamaki, su ke lura da waɗannan gandaye, dawa da gero kuwa su tafi rumbunan fada. Mohammed Bashir Salau ya yi littafi guda a kan gandayen Fanisau a 2011, ya kuma dogara ƙwarai da hirarrakin da aka ɗauka da dattawan wurin.

Zuwan Turawa a 1903 bai rushe gandu nan take ba. Dokar Lugga ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, gonakin suka sami sabon amfani.

Baƙo zai ga gidan Sarki da masallacin, in kuwa ya dace da Babbar Salla a shekarar da aka yi hawa, ya ga Hawan Fanisau. Gandun kansa ba shi da bango ko alama. Iyakokinsa suna cikin sunayen gonaki da bakin tsofaffi, filaye kuwa ana ta yanka su fuloti-fuloti yayin da birni ke matsowa. Mai tambaya ya yi hattara da harshensa, domin asalin bauta ba abin da ake tambayar mutum a gaban jama'a ba ne. Gara ya fara da sunan gona, ya bar dattijo ya kai shi inda ya ga dama.