Ko Kun Sani? Mahaɗar Wayar Sola

Manyan farantan sola irin waɗanda ake ɗorawa a rufin gidaje da shagunan cajin waya a Shanga, Yelwa da Wara galibi suna zuwa ne da wata 'yar baƙar mahaɗa mai suna MC4, ƙirar kamfanin Multi-Contact na ƙasar Suwizalan. Kaurin tsinken ƙarfen cikinta milimita 4 ne kacal.

Ba a murɗa waya a cikinta. Mai gyara yakan fere bakin wayar, ya matse ta a tsinken da filaya ta musamman, ya tura cikin kwanson roba har ya ji ƙas, sannan ya ɗaure notin baya. Notin nan shi ke danne zoben roba ya toshe wa ruwa da ƙura hanya.

A bakin tafkin Kainji, inda damina ke kawo laima, zafin bazara kuma yakan kai digiri 40, haɗin da aka naɗe da salatif kawai yakan saki ya ɗau zafi. Wutar sola kuwa in ta fara tartsatsi ba ta saurin mutuwa, shi ya sa ba a zare mahaɗar alhali wuta na gudana.