Yadda ake gane jitar Les Paul ta gaske daga ta jabu

A shekarar 2020 kamfanin Gibson na Amurka ya yi cigiyar wani tsohon littafin rajista, ya kuma sa ladan dala 59,000 ga duk wanda ya dawo da shi. A cikinsa ne ma'aikatan masana'antar kamfanin ta garin Kalamazoo, a jihar Mishigan, suka riƙa rubuta lambar kowace jita da ranar fitar da ita kasuwa a 1959 da 1960. Jita guda ce ta jawo wa littafin wannan daraja, wato Les Paul Standard da aka ƙera daga 1958 zuwa 1960, wadda dillalai ke kira Burst.

A zamaninta ba ta yi farin jini ba. Tun 1952 Gibson ke yin Les Paul da fenti ruwan zinariya, sai a 1958 aka sauya mata launi, gefe ja, tsakiya rawaya, zanen katako yana fitowa fili. Kusan 1,700 kawai aka yi, kuɗinta bai kai dala 300 ba, kuma a 1961 aka sake mata fasali gaba ɗaya. Makaɗan Ingila ne suka tono ta daga baya. Da Eric Clapton ya kaɗa ta a faifan John Mayall na 1966, sai kowa ya shiga nemanta. A wannan shekarar ma aka sace ta Clapton, har yau shiru. Yanzu guda ɗaya takan kai ɗaruruwan dubban daloli, kuma inda kuɗi irin wannan ya taru 'yan jabu ba sa nisa.

Sabon shiga yakan fara da bayan kan jitar, inda aka buga lamba da hatimin tawada. Lambar farko ita ce shekara, 9 ke nan ga ta 1959, sauran su biyo baya. Dubawar tana da amfani, amma babu abin da ya fi wannan lamba sauƙin kwaikwayo, ga shi littafin da za a gwada ta da shi ya ɓata. Shi ya sa gwani yake yin irin na dillalin shanu, wanda ba ya tambayar mai saniya shekarunta sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora.

Fenti ne shaida ta farko. Jan rinin da aka yi amfani da shi a 1958 da 1959 ba ya jure haske, don haka yawancin jitocin sun koɗe, wasu sun koma kalar zuma, wasu ta lemun tsami. Idan aka kwance farantin robar da ke kare fuskar jitar daga ƙarzar farce, a ƙarƙashinsa za a ga jan asali yana nan da ƙarfinsa, domin rana ba ta taɓa wurin ba. A cikin 1960 aka koma wani rini mai riƙo, shi ya sa na ƙarshen shekarar suka fi ja. Daga nan sai a kashe wutar ɗaki a haska jitar da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita. Tsohon shafe yakan bayar da haske mai ɗan kore, duk inda aka yi faci kuwa sai launinsa ya bambanta, ko da ido bai gan shi da rana ba.

Sai a buɗe murfin baya, inda maɓallan daidaita sauti guda huɗu suke. Kowane yana da lambarsa a jikin ƙarfe: 134 na nufin kamfanin Centralab ne ya yi shi, lamba ta gaba shekara ce, biyun ƙarshe kuma mako. Maɓallin da ya fi jitar ƙuruciya ya tona asiri, ko dai an canja shi ko jitar ce ba ta lokacin ba. Dalmar da aka haɗa wayoyi da ita ma tana magana, tsohuwa ta dushe, sabuwa tana sheƙi. Na'urorin ɗaukar sauti biyu da ke ƙarƙashin tsirkiya, ƙirar injiniya Seth Lover, suna da 'yar baƙar takarda a gindinsu mai rubutun Patent Applied For da ruwan zinariya. Ita ma ana buga ta jabu, don haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Wadda ta fi wahalar da masana ita ce tsohuwar jitar gaske da aka sauya wa kama. A samu mai ruwan zinariya ta 1952 zuwa 1957, a kankare fentin, a shafa ja da rawaya, a sa mata na'urorin zamanin Burst. Masana'anta ɗaya, katako iri ɗaya, tsufa na gaskiya. A nan sai an ƙura wa fuskar ido. Ta Burst katako biyu ne da aka haɗa daidai tsakiya, masu ruwan zinariya kuwa sau da yawa haɗinsu ya karkata gefe, tunda fenti zai rufe. Ramukan tsohon ƙarfen riƙe tsirkiya da aka toshe su ma sukan bar tabo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar da masu kyakkyawar niyya ke yi. Mutum ya gaji tsohuwar jita, ya ga ta koɗe ta tsattsage, ya kai ta a goge a sake fenti don ta yi kyau. Ya share shaidar da za a gane ta da ita ke nan, darajarta kuma ta faɗi warwas. Wanda ya samu irin wannan kaya ya bar shi yadda yake, ya adana rasiti da tsofaffin hotuna da akwatinsa, domin sanin hannun da kaya ya bi yakan rinjayi lahaninsa. Misali, jitar 1959 ta makaɗi Peter Green, wadda ake kira Greeny, an juya maganaɗisun ɗaya daga cikin na'urorinta, wuyanta kuma ya taɓa karyewa a hatsarin mota. Amma an san ta fito daga hannun Green zuwa na makaɗi Gary Moore, kuma a 2014 Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica ya saye ta da kuɗi mai yawa, yana kuma hawa dandamali da ita.