Fiyus da Rile: Ƙananan Kayan da Ke Tsayar da Tarakta

Ruwan shuka ya sauka, gona na jiran huɗa, a murɗa mukulli tarakta ta yi tsit. Nan take sai a ɗora wa batir laifi, ko a ce kik ya mutu. Sau da yawa kuwa matsalar na cikin wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin sitiyari ko kusa da batir, inda fiyus da rile suke.

Ƙananan taraktoci irin su Kubota, Mahindra da John Deere da wutar bolt 12 suke aiki, kuma kowane layi, na fitila ne ko na hon, yana bi ta nasa fiyus. Cikin fiyus akwai siririn ƙarfe da aka auna zai narke da zarar wuta ta wuce kima. Launin robarsa ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Akwai kuma babba guda kusa da kik ko batir, wanda in ya ƙone ko fitilar dashbod ba za ta kawo ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, waya fiyus yake karewa. Idan layin na amfiya 10 ne aka cusa masa na 30, ko aka naɗe ƙonannen da zaren waya ko takardar kwalin sigari, kamar yadda wasu masu rewaya ke yi don a sallami mai gaggawa, tarakta za ta tashi kam. Sai dai zafin da ya kamata ya narkar da ɗan ƙarfen nan zai koma kan wayar, roba ta narke, ga gas da busasshiyar ciyawa a gefe. In fiyus ya sake ƙonewa bayan an canza shi, galibi akwai inda waya ta saɓule tana taɓa ƙarfe. Girgiza na jawo haka, ɓeraye ma na yi, musamman in an ajiye tarakta rani guda kusa da rumbu.

Shi rile makunni ne da wuta ke dannawa. Mukulli ba zai iya ɗaukar wutar da solanoyid na kik ko hitar injin ke ja ba, don haka 'yar kaɗan yake aikawa ta ƙafafu masu lamba 85 da 86. Ita ke tayar da maganaɗisu a ciki, ya haɗe 30 da 87, babbar wuta ta wuce. Lambobin daga tsarin Jamus ne, DIN 72552. Ɗora yatsa a kan rile wani ya murɗa mukulli, za ka ji ƙas. Amma ƙarar ba shaidar lafiya ba ce, don bakin haɗin na iya cinyewa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya.

In rile bai motsa ba sam, a duba makunnan kariya tukuna: giya na firi? An kashe PTO, wato sandar da ke juya kayan aiki? A wasu taraktocin sai direba na kan kujera ko ya taka kuloci. Masu haɗa kik da sukundireba daga ƙasa duk waɗannan suke tsallakewa, kuma in tarakta na cikin giya, tana tashi za ta yi gaba, mai haɗawar kuwa yana tsaye ne daidai gaban tayar baya.