Motar Haɗin Gida a Ingila: Yadda Ake Ɗaura Gaban Mota Mai Buɗewa Gaba Ɗaya

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada wadda ta daɗe tsakanin masu sha'awar motoci, watau mutum ya sayi sassan mota a warwatse, ya kai su garejin gidansa, ya riƙa haɗawa da hannunsa da maraice bayan tashi daga aiki, har wata rana mota ta tashi ta hau titi. Masu wannan aiki ba lalle ne su zama makanikai ba. Akwai malaman makaranta da akawuna da 'yan fansho a cikinsu. Daga cikin ayyukan da suka fi ba su wuya kuwa akwai ɗaura gaban mota mai hinji, wanda bonet da madigadi da fitilu duka suke a haɗe wuri guda, suna buɗewa tare kamar murfin akwati.

Asalin Al'adar

Haraji ne ya raya wannan sana'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Ingila tana karɓar haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta karɓa a kan sassan da mutum zai haɗa da kansa. Wani injiniya mai suna Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya lura da wannan ƙofa, sai a shekarar 1957 ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da ake kira Lotus Seven, yana sayar da ita a warwatse. Da aka sauya tsarin haraji a watan Afrilu na 1973 wannan rangwame ya ƙare, a shekarar nan kuma Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham izinin ci gaba da ƙera motar.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. A shekarar 1996 wani mai suna Ron Champion ya wallafa littafi da ya nuna yadda mutum zai yi waldar shasi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya ɗebo inji da giya da ƙafafu daga tsohuwar Ford Escort, ya tayar da mota da kuɗi kaɗan. Motocin da aka yi bisa wannan tsari su ake kira Locost.

Shi kuwa gaba mai buɗewa gaba ɗaya, daga manyan masana'antu aka koyo shi. Motar Triumph Herald wadda aka fara ƙerawa a birnin Koventiri a 1959, da ƙanwarta Spitfire ta 1962, da kuma Jaguar E-Type ta 1961, dukansu gabansu yana da hinji can ƙasa kusa da bamba, yana kifewa zuwa gaba. Da yake Herald tana da shasi dabam da gangar jiki, masu haɗin gida da yawa sun riƙa cire tsohon jikinta suna ɗora sabo na faiba a kai.

Amfaninsa

Amfanin farko shi ne sarari. Idan aka kife gaban, inji da lagireto da sitiyari da birkin gaba duk suna fili, har mai gyara yana iya zama a kan taya ya yi aikinsa ba tare da sunkuyo ba. Na biyu kuma ya shafi rai. Bonet ɗin da hinjinsa yake baya, wajen gilashi, in aka manta ba a kulle shi ba, iska tana iya shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi ya rufe wa direba ido ana cikin gudu. Wanda hinjinsa yake gaba kuwa, iskar tafiya danne shi take yi.

Inda Wuyar Take

To, amma abin da masana'anta ta auna da na'urori, shi mai haɗin gida da tef da alli da kwali yake aunawa. Babbar tambaya ita ce: a ina za a kafa hinji? Duk abin da yake gaba da hinjin ƙasa zai yi sa'ad da aka buɗe, duk abin da yake bayansa kuma sama zai yi. Saboda haka in aka kafa shi can ciki da yawa, hancin motar zai daki ƙasa tun kafin a gama buɗewa. In kuma aka sa shi ƙasa da yawa, bakin madigadi na baya ko gefen ramin taya yana iya gogar tayar yayin da yake juyawa. Masu ƙwarewa sukan yanka kwali daidai da siffar gaban in an dube shi daga gefe, su kafa shi da ƙusa guda a jikin katako, su yi ta juyawa suna canza wurin ƙusar, sai sun sami inda babu abin da yake taɓa wani. Wannan aiki na yini guda yakan ceci aikin wata guda.

Bayan wannan sai daidaita hinjin dama da na hagu. Tilas ne su kasance a kan layi ɗaya sak, domin in ɗaya ya karkace ko kaɗan, duk buɗewa sai faibar ta murɗe, daga baya ta tsage. Dabarar da aka saba yi ita ce a zura doguwar sanda ta ƙarfe miƙaƙƙiya ta ratsa ramukan hinjin biyu kafin a yi walda, sa'an nan a ɗiga waldar kaɗan-kaɗan, a gwada, kafin a ƙarasa. Ana kuma yin ramukan noti masu ɗan tsawo maimakon zagayayyu, don a sami damar matsar da gaban kaɗan gaba ko baya har tazarar da ke tsakaninsa da sauran jikin motar ta zama daidai ko'ina.

Faiba Ba Ƙarfe Ba Ce

Yawancin irin wannan gaba da faiba ake yinsa, watau zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro ya sandare. Ba ta da nauyi, ba ta kuma yin tsatsa, amma ba ta jure a tara mata nauyi a wuri ɗaya. Wanda ya huda ta ya ɗaura hinji da noti kawai, ba da daɗewa ba zai ga tsaga tana yaɗuwa daga ramin kamar saƙar gizo-gizo. Abin da ya kamata shi ne a goge cikin faibar har ta yi kaushi, a shimfiɗa faffaɗan faranti na ƙarfe, a lulluɓe shi da sabon zare da ƙaro hawa-hawa, ta yadda nauyin zai bazu. Wasu ma sukan yi ɗan ƙaramin firam na bututu a cikin gaban, shi ne zai riƙe hinji da fitilu. Ɗaya ɓangaren hinjin kuwa a jikin shasi ake kafa shi, ba a jikin lagireto ko wani abu marar ƙarfi ba.

Har ila yau faiba ba ta ɗaukar wuta. A motar ƙarfe jikin motar ne yake mayar da wuta zuwa batir, amma a nan kowace fitila sai an ja mata wayarta ta komawa. Ana bi da wayoyin ta kusa da hinji, inda motsi ya fi ƙanƙanta, a bar musu ɗan rara don kada su tsinke, a kuma sa musu soket yadda za a iya cire gaban dungum in bukata ta taso.

Kullewa da Tokarewa

Idan an rufe gaban, dole ya koma mazauninsa na jiya ba tare da kuskure ba, gama fitilu a jikinsa suke, in ya zauna a karkace haskensu zai kashe wa masu tahowa ido. Don haka ake kafa 'yan turaku na roba ko na ƙarfe a bakinsa na baya, masu shiga cikin ramukan da aka tanada, tare da sakata mai ƙarfi dama da hagu. Waɗannan turaku suna kuma taimakawa wajen hana bakin bonet zamewa ya nufi gilashi in an yi karo ta gaba. Idan an buɗe kuwa, ana sa igiyar waya ko sandar tokare, kada nauyi ko iska su kifar da shi hancin ya fashe a ƙasa. Daga ƙarshe sai a murɗa sitiyari iyakarsa dama da hagu, a danna motar ƙasa, a tabbata taya ba ta taɓa madigadi.

Gaban Mai Bincike

Gama haɗa mota ba shi ne izinin hawa titi ba. Tun daga 1998 aka tilasta wa irin waɗannan motoci wata jarrabawa ta musamman, wadda aka maye gurbinta da sabuwa mai suna IVA a 2009. Ma'aikacin gwamnati yana duba birki da fitilu da ƙarar inji da hayaƙi, yana kuma bin jikin motar da wani ma'auni yana neman kaifi. Duk gefen da jikin mutum zai iya taɓawa a waje tilas a dasashe shi ya yi zagaye na aƙalla milimita 2.5, fitilun gaba kuma kada su yi ƙasa da milimita 500 daga ƙasa. Kan noti guda na hinji da ya fito waje, ko sakata mai kaifi, ya isa a mayar da mutum gida ya sake shiri ya sake biya. Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne mai tafiya a ƙasa da mai keke, waɗanda ba su da hannu a cikin sha'awar mai mota.

A nan Nijeriya, tun 1975 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci da sassan da aka kawo daga Faransa, an san cewa haɗa mota sana'a ce da ake koyo. Masu walda da gyaran jikin mota na Panteka suna da hannu da basira. Abin da ɗaliban kwalejojin fasaha za su ƙara ɗauka daga maƙeran gida na Ingila shi ne awo kafin yanka, da gwaji da kwali kafin a taɓa ƙarfe, da kuma amincewa wani ya bincika aikin kafin a ɗauki rayukan mutane a hau titi da shi.