Mutuwar hannu da dare: ciwo ne mai magani

A unguwar Lazare ta birnin Yamai, inda aka sauke masu gudun yunwa a farin 1973 da 1974, yau jama'a da hannunsu suke ci. Mata na daka, suna wanki da kitso, maza na ɗinki da gini. Daga cikinsu akwai masu wani kuka iri ɗaya: cikin dare hannu ya mutu, minjirya ta kama yatsu, sai mutum ya tashi yana yarfe hannu kafin ya samu barci. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce sammu. Likitoci sun san wannan ciwo, da Faransanci suna ce masa kanal karpiyan.

Ga yadda abin yake. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Su da wata tantani mai kauri da ta rufe su sun yi wata ƴar ƙunƙuntar hanya. Ta nan igiyoyin nama 9 masu lanƙwasa yatsu ke wucewa, tare da jijiya guda mai kai ji ga yatsu. In wurin ya kumbura, sai jijiyar ta matsu. Shi ya sa babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na zobe ke mutuwa, amma ƙaramin yatsa yana nan lafiya lau.

Ciwon ya fi kama mata. Aikin da ake ta maimaitawa da ƙarfi, kamar riƙon taɓarya da matsar wanki, yana tsananta shi. Haka kuma juna biyu, da ciwon sukari, da ƙiba, da ciwon gaɓoɓi, da tsohuwar karaya a wuyan hannu. Na mai ciki yakan tafi da kansa bayan haihuwa.

A likita, ana sa mutum ya lanƙwasa wuyan hannu na minti 1, ko a ƙwanƙwasa kan jijiyar, a ga ko minjiryar za ta taso. Ana kuma duba sukari. Zuwa likita yana da wani amfanin: kuturta ma tana kashe yatsu, sai dai ita takan fara da gefen ƙaramin yatsa, da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Maganinta kyauta ne tun 1995.

Magani hawa-hawa ne. Na farko, a ɗaura wa wuyan hannu wani abu mai kama da karan ɗori lokacin barci, don ya zauna a miƙe, a kuma riƙa hutar da hannu tsakanin aiki. In dangi suka karɓi mai ciwon daka, ko aka kai hatsi inji, an taimake ta ƙwarai. Na biyu, allura a wurin, wadda ke sauke kumburi na ɗan lokaci; likita kaɗai ke yin ta. Na uku, ƙaramar fiɗa: a kashe wurin da allura, a tsaga tantanin nan, jijiya ta samu sarari. Mutum yakan koma gida ran nan, amma aikin ƙarfi sai bayan wasu makonni. Likitan unguwa shi ke tura mutum babban asibiti in abin ya kai ga haka.

Tsaga da ƙaho ba su kai ga jijiyar, sai dai su bar miki. Babban haɗari shi ne jinkiri. In aka bar jijiya a matse shekara da shekaru, tsokar gindin babban yatsa ta shanye, allura da cokali su riƙa suɓucewa, ko an yi fiɗa ƙarfin ba lalle ya dawo duka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda hannu ke tada shi da dare, ya je likita tun yana iya riƙe taɓarya.