Zare nawa saƙar kwarashi za ta ci? Ga yadda ake lissafin

Duk mai saƙa da kwarashi ta san takaicin nan: bargon jariri ya kusa kammala, suna saura kwana uku, sai zare ya ƙare. A koma kasuwa, a samu kalar, amma idan aka haɗa sai a ga ta ɗan bambanta. Dalili kuwa shi ne masana'anta kan rina zare rukuni-rukuni, shi ya sa ake buga lambar rini a jikin takardar ƙullin. Ƙulli biyu masu suna ɗaya amma lamba daban ba lallai su zo iri ɗaya ba. To ashe gara a san adadin tun kafin a fara.

Hanyar da ta fi inganci ita ce saƙa ɗan gwaji. Ki ɗauki zaren da kwarashin da za ki yi aikin da su, ki saƙa murabba'i mai santimita 20 kowane gefe, da irin ɗinkin da za ki yi amfani da shi. Faɗinsa ya zama 400 ke nan, wato 20 sau 20. Sai ki ɗora shi a sikelin kicin. A ce ya ba ki giram 24. Bargon da kike so kuma santimita 80 ne da 100, wato 8,000. Raba 8,000 da 400, za ki samu 20. Ma'ana bargon ya ninka gwajin sau 20, don haka zai ci giram 480. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda baki da jelar zare da warwara, ya kama giram 528. Idan kowane ƙulli giram 100 ne, shida za ki saya.

Me ya sa 20 ba 10 ba, alhali gwajin santimita 10 ne aka fi sani? Saboda sikelin. Yawancin na kicin giram ɗaya-ɗaya suke nunawa. Gwajin santimita 10 na wannan zaren giram 6 zai yi, kuskuren rabin giram a nan ya haura kashi 8 cikin 100, kuma sai an ninka shi sau 80. A giram 24 kuwa kuskuren kusan kashi 2 ne kacal. Wahalar ƙarin saƙar ta biya kanta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen canza zare. Kwarashi tsayi yake ci, ba nauyi ba. A ce takardar zarenki ta nuna mita 250 a giram 100. Giram 528 ya zama mita 1,320. Idan kika koma zaren auduga mai kauri ɗaya, lissafi ya canza, domin auduga ta fi akirilik nauyi: kusan giram 1.5 a kowane santimita kubik, akirilik kuwa kusan 1.2. Ƙullin auduga mai mita 170 sai kin sayi takwas, ba shida ba. In takardar da yadi aka rubuta, yadi ɗaya mita 0.9144 ne.

Shi ma nauyin ba ya zama wuri ɗaya. Ulu na gaske yana shan laimar iska sosai, akirilik kuwa kaɗan ƙwarai, saboda haka ƙullin ulu zai fi nauyi da damina a kan lokacin hunturu. Mita dai ba ruwanta da yanayi.

Sai batun girma. Wai an ninka tsayi da faɗi, sai a ninka zare? A'a, sau huɗu zai ci. Masu saƙa don sayarwa su lura da wannan kafin su yanke wa kwastoma farashi.

Irin ɗinki ma yana da tasiri. Gajeren ɗinki mai matsewa ya fi dogo cin zare a faɗi ɗaya, ƙaramin kwarashi ma haka. Hannu kuma ya bambanta, wata tana matsawa, wata tana sakewa, shi ya sa gwajin maƙwabciyarki ba zai yi miki aiki ba. Idan kuma aikin na ƙananan murabba'ai ne da za a harhaɗa, auna guda ɗaya, ninka da yawansu, sannan ki ware zaren haɗi daban.