Aiki a hukumomin raya ƙasashe: ƙofofin da suka rage bayan rufe USAID

Tun da rikicin Boko Haram ya jawo ƙungiyoyin agaji zuwa Maiduguri, samun aiki a wata hukumar ƙasa da ƙasa ya zama burin matasa da dama da suka kammala jami'a a Arewa. Shekarar 2025 ta girgiza wannan buri.

A ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris, sakataren harkokin waje Marco Rubio ya sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, sannan aka rufe hukumar ranar 1 ga Yuli. Birtaniya ma ta ce za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027.

Abin ya taɓa ma'aikata kai tsaye ne saboda yawancin guraben kwantiragi ne da ke rataye da kuɗin wani shiri. Mai bayar da tallafi yana ba babbar ƙungiya, ita kuma ta raba wa ƙananan ƙungiyoyin gida. Da zarar an rufe famfo daga sama, na ƙasa ne ke fara rasa albashi.

Duk da haka akwai sauran hanyoyi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar 'yan ƙasa aiki a ofisoshinta na cikin gida, kuma shirinta na 'yan sa-kai, UNV, ya zama matakin farko ga mutane da yawa. Jarrabawar YPP ta waɗanda ba su haura shekara 32 ba ce, amma ana buɗe ta ne kawai ga ƙasashen da ba su da isasshen wakilci a ma'aikatan Majalisar, kuma jerin yana sauyawa duk shekara. Guraben JPO kuwa, galibi ƙasashen da ke biyan kuɗinsu suna ware su ne ga 'ya'yansu.

Najeriya ma tana da nata shirin, TAC, wanda tun 1987 yake tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik na shekara biyu.

A irin wannan yanayi, takardar digiri kaɗai ba ta isa ba. Abin da ake nema shi ne ƙwarewa takamaimai: lissafin kuɗi, tattara alƙaluma da auna tasirin shiri, kiwon lafiya ko aikin ruwa. Faransanci yana buɗe ƙofar Nijar da Chadi da Bankin Raya Afirka da ke Abidjan.

A kuma kula da 'yan damfara, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Ana iya tantance guraben a shafin hukumar kanta ko a ReliefWeb na ofishin OCHA. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, maƙaryaci ne.